Hajo Ungozoma da Kifayen Safiya

A Madabo idan ka ce kana neman Hajo, sai an tambaye ka wacce, domin masu sunan suna da yawa. Amma da ka ce Hajo mai ruwan zafi, kowa zai nuna maka lungun. Ungozoma ce, a wajen kakarta ta gaji aikin, ta fara riƙe ƙwarya da tsumma a ɗakin haihuwa tun ba ta isa ɗaukar tulu ba. Rabin magidantan unguwar, har da masu gemu da tumbi da ke rige-rigen sahun gaba a masallaci, ita ta yanke musu cibi, ita ta fara dirje su da soso. Ba ta kuma ɓoye wa kowa hakan. Idan wani ya cika ɗaga mata hanci, sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai wane, ai tun ranar da ka faɗo duniya kake da wannan rakin." Daga nan magana ta ƙare, sai mutum ya sosa ƙeya ya wuce.

A wajen Hajo ciwon duniya iri biyu ne kacal, datti da sanyi, maganinsu kuwa ɗaya, ruwan zafi. Kafin rana ta fito ta hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, ta karyo ganyen darbejiya, ta tasa mai jego a gaba zuwa makewayi. Tana tsoma ganyen a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata, yarinya tana ihu tana kiran uwarta, ita kuwa ko a jikinta. "Yi kukanki," take cewa, "gara ki yi shi yau da ki yi shi da tsufa, ƙafa ta kumbura." Shekara da shekaru tana wannan aiki har fatar hannunta ta zama kamar ƙirgi. Ruwan da wani ba zai iya kusantar tururinsa ba, ita sai ta zura hannu ciki ta ce bai yi ba, a ƙara itace.

Mutane suna ganin faɗanta, ba kowa ya san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Ita da mijinta, marigayi Malam Ɗalha baduku, sau biyu suka samu haihuwa, duka biyun suka koma tun suna cikin tsumma. Ba ta taɓa zama ta ba wani labarin ba. Da matar ƙaninta ta rasu ta bar 'yar yaye mai suna Safiya, Hajo ba ta nemi shawarar kowa ba, ta saɓa yarinyar a baya ta taho da ita gida. Ita ta yi mata kitso, ita ta kai ta makaranta, ita ta yi rigima da duk wanda ya harare ta a lungu. Son da take wa Safiya ya wuce misali, ko da yake da tsawa take nuna shi.

Zamani ya zo ya rage mata kasuwa. Mata suka koma haihuwa a asibiti, su dawo da zancen nas ta ce a rage zafin ruwa, likita ya ce a bar kanwa. Hajo takan taɓe baki ta ce su nas ɗin da wane ruwan aka wanke iyayensu. Kira ya ragu, tukunyar ta fi zama a kife. Abu ɗaya ya rage mata da take jira da dukkan zuciyarta, wato jegon Safiya. Tun cikin yana ƙarami ta fara tara itace a bayan ɗaki, ta sayi gero da kanwa ta ajiye. Duk wadda ta zo hira sai ta ji: "Wannan jegon nawa ne, daga shi na ajiye aiki."

Mijin Safiya, Nazeer, ɗan Kabara ne, aikinsa haɗa wa mutane sola a gidaje. Mahaifiyarsa ta taɓa zama a Madabo, don haka shi ma Hajo ce ta yanke masa cibi. Sai ga shi aure ya mai da shi suruki, dole ta bar kiran sunansa ta koma ce masa Malam, shi kuma ya riƙa durƙusawa tun daga bakin ƙofa. Yaro ne mai ladabi, amma irin masu ladabin nan ne da za su ce maka "to" su je su yi abin da likita ya ce.

Cikin ya zo wa Safiya da hawan jini. Ƙafafu suka kumbura, likita ya ce ta kwanta ta huta, ban da aiki, ban da yawo. Da Nazeer ya ga kaɗaici zai yi mata yawa, sai ya sayo akwatin gilashi da kifin ado guda huɗu ya ajiye a falo, inda za ta riƙa hango su daga kan kujera. Ya zuba tsakuwa a ƙasa, ya sa ɗan injin da ke tace ruwa yana fitar da kumfa. Safiya ta raɗa musu suna. Jajayen biyu masu kama da juna ta ce Tagwaye, baƙin mai manyan idanu ta ce Duna, farar mai doguwar jela tana jan ta kamar mayafi ta ce Amarya. Amarya ce 'yar gaban goshinta. Akwatin bai ko yi wata a gidan ba jinin ya hau sosai, aka kwashi Safiya zuwa asibiti, aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji bakwaini, aka sa shi a kwalba.

Hajo ta isa asibitin da filas ɗin kunun kanwa a hannu, nas ta tare ta a ƙofa. Ta tagar gilashi aka nuna mata yaron, ɗan mitsitsi, an liƙa masa wayoyi, ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka. Ita da jariri bai taɓa zuwa duniya a danginsu bai fara sauka a tafinta ba, yau ga ta tsaye a baranda tana leƙe. Nazeer ya zo ya durƙusa gefenta, idonsa a ƙasa.

"Gwaggo, likita ya ce ban da wankan ruwan zafi, saboda ɗinkin da kuma jinin. Kanwar ma ya ce a bari. Shi kuma yaron ba a yi masa wanka yanzu, ba a gasa cibi." Sannan ya ƙara da abin da ya fi yi mata ciwo. "Idan an sallame su, ina ga yayata Luba za ta zo ta zauna da su, tunda ita aikin asibiti take yi."

"To, Malam," in ji Hajo. "Allah Ya raya." Ta rungume filas ɗinta ta koma kallon tagar.

Da aka bar ta ta shiga wajen Safiya, yarinyar ta kamo hannunta da muryar da ba ta fita sosai ta ce, "Gwaggo, ki je gidan ki zauna, ki kula min da kifayena. Shi ba ya samun zama, daga nan sai wajen aiki." Hajo ba yarinya ba ce, ta gane an nema mata abin riƙewa ne don kada ta tsaya hannu rabbana. Duk da haka amana amana ce. Tun a cikin adaidaita, tana rungume da filas ɗin da ba a buɗe ba, ta ƙulla abu a ranta. Za ta riƙe gidan nan da kifayen nan riƙon da Nazeer zai dawo ya gani da idonsa cewa hannun nan bai mutu ba. In ya gani, zai ji kunyar ɗauko wata ya ba ta yaron.

Ta shiga falon, ta tsaya gaban akwatin ta riƙe ƙugu. Ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗauraye kwanon koko a ciki. "Haba," ta ce, "dabba ma ai tana son tsafta." Ta kuma lura da ɗan abincin da Nazeer ya nuna mata, wai abin da yatsa biyu suka ɗauka ya ishe su. Wannan a ganinta rowa ce tsagwaronta. Ta zuba musu cikin tafi, ta ƙara da ɓarɓashin burodi, ta ji daɗin yadda suka yi ta wawaso.

Washegari da hantsi ta ɗaura zani a ƙirji ta shiga aiki. Ta ɗauko matacin koko ta bi kifayen da shi, suna gudu tana bi, suna buya bayan dutse tana zaƙulowa, har ta kama su ɗaya bayan ɗaya ta zuba a roba. Ta kwashe ruwan tas. Ta dirje gilashin da sabulu da soso har yana ƙara a ƙarƙashin yatsa. Tsakuwar ta juye a ƙwarya ta yi ta regewa kamar shinkafa. Da ta buɗe ɗan injin ta ga soson da ke ciki ya yi ruwan ƙasa yana yauƙi, sai ta yi salati. "Yanzu wannan ƙazantar suke sha? Maza dai ba su iya komai ba." Ta wanke shi da sabulu, ta matse, ta sake wankewa, sai da ya koma fari.

Tanko mai ga-ruwa ya turo kurarsa lungun, ta sayi jarka biyu. Ta taɓa ruwan ta ji shi da sanyin safiya. Nan fa aka zo wajen. Halitta 'yar ƙarama haka, tana kwana cikin ruwa tana tashi cikin ruwa, ba zani ba bargo, a ce kuma ruwan sanyi? Ai sai ya kama musu ƙirji. Ta ɗora buta a wuta, ta tafasa, ta sirka, ta zura hannu ta ji ɗumi-ɗumi daidai. Sannan ta juye kifayen ciki, ta ja baya tana kallon gilashin yana sheƙi, ta ce da kanta yau ga gida ya zama gida.

Kifayen suka yi ta zabura daga wannan bango zuwa wancan, suna gwara kai da gilashi. Can suka lafa. Duna ya shige bayan dutse ya ƙi fitowa, Tagwaye suka kwanta a ƙasa sun manne fukafukansu a jiki. Amarya ta hau sama ta kafa baki a fuskar ruwa tana buɗewa tana rufewa. Hajo ba ta damu ba. Mai jego ma in ta fito daga wanka haka take yin laushi, alamar ruwa ya shiga jiki ke nan. Ta zuba musu abinci, ba wanda ya kula, ya nutse ya kwanta a kan tsakuwa.

Nazeer a 'yan kwanakin nan ba ya shigowa sai don ya yi wanka ya ɗauki abinci ya koma, falon ma ba ya leƙawa. An raɗa wa yaron suna Sadiƙ a masallaci, ba taro ba kiɗa. Hajo ta ji sunan ta maimaita shi a bakinta, ta koma ga kifayenta. Abin haushi, ruwan da ta bari garau ya sake yin fari, har ya fi na da. Ta ce lallai dattin ya yi nisa, wanki ɗaya ba zai fitar da shi ba. Ta sake ɗauko mataci, ta sake kwashe ruwa, ta sake ɗora buta.

A wannan karon da ta mai da su, Amarya ba ta zabura ba. Ta karkace gefe guda, jelar nan mai kyau ta tattare, murfin gefen kanta yana buɗewa yana rufewa da sauri da sauri. Hajo ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna ta ƙura mata ido, sai gabanta ya faɗi. Ba ta san komai game da kifi ba, amma ta san numfashi. Ta sha ganin irin wannan a ƙirjin jarirai, numfashin da ake ja da wahala ana saki da gaggawa, kuma ta san inda yake kaiwa. Ta yi addu'o'in da ta iya, ta tofa a gefen gilashin. Da gari ya waye ta tarar da Amarya ta juya ciki sama, ruwa ya tura ta jikin injin.

Ta tsamo ta da tafin hannu, ba da mataci ba. Ta yago ƙyallen farin yadi ta naɗe ta, ta je gindin zogalen da ke tsakar gida ta tona rami ta binne, ta daddanna ƙasar da tafi. Sannan ta wanke hannu ta zauna jiran mai gidan. Tunanin ɓoyewa bai ko zo mata ba. A duk rayuwarta, idan haihuwa ta zo da gardama, ita ake turawa zaure ta gaya wa miji, kuma ba ta taɓa yi wa kowa kwana-kwana ba. Sai dai a da labarin ikon Allah take kaiwa, yau kuwa na aikin hannunta ne, kuma ta san abin da zai jawo mata.

Da ya yi sallama bayan azahar, ta tare shi tun bai ajiye kwanukan ba.

"Malam, farar nan ta mutu. Sauran ma ba su da lafiya. Ni na yi musu wanka."

Nazeer ya ajiye kwanukan ya wuce falo. Idanunsa sun yi ja saboda rashin barci. Ya duba gilashin, ya buɗe injin ya ga soso fari fat, ya shinshina ya ji ƙamshin sabulu. Ya ga butar a gefe.

"Gwaggo, ruwan zafi kika zuba?"

"Sirkawa na yi. Ɗumi-ɗumi."

Ta ga maganar ta taso masa har wuya, ta kuma ga ya haɗiye ta. Ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa, ya dafe kai.

"Laifina ne," ya ce. "Mai sayarwar ya yi min bayani, ni kuma ban yi miki ba, hankalina yana can. Gwaggo, shi kifi ruwansa shi ne ɗakinsa, shi ne iskarsa. In aka kwashe duka aka zuba sabo, kamar an ɗauke mutum ne daga gadonsa an jefa shi wani gari. Ga kamun da ake musu, tsoro kaɗai yana iya kashe su. Sabulu kuwa guba ne a wajensu."

"To dattin fa? Ka ga soson nan kuwa?"

"Wannan dattin shi ake nema. Akwai wasu 'yan halittu a cikinsa da ido ba ya gani, su suke cinye ƙazantar kifin. Akwatin sabo ne, ba su gama kama wuri ba, shi ya sa ruwan ya yi fari. Da an bar shi, da kansa zai washe. Kin wanke su, an koma farko."

Hajo ta ƙura wa soson ido. Ta rayu ta tsufa ba ta taɓa jin dattin da ake kiwo ba. Da wani ne ya faɗa mata a Madabo, da ta ce a kai shi a duba kansa. Amma ga rami can a gindin zogale.

"To yanzu me zan yi musu?"

"Ba komai, Gwaggo. A bar su."

Ya kashe fitilar akwatin, ya yafa tsohon zani a gefe ɗaya don su samu duhu, ya ce kada a ba su abinci sai sun nema. Ya ɗauko siririn tiyo ya nuna mata yadda ake zuƙe ruwa kaɗan daga ƙasa, abin da bai wuce ƙaramin bokiti ba, kifayen suna ciki ba a taɓa su ba. Wanda za a mayar kuma sai ya kwana a falon a buɗe, har sanyinsa ya zo ɗaya da na akwatin. Soson in ya toshe, a cikin tsohon ruwan da aka zuƙo ake ɗan matsa shi. Ya ce yanzu za a riƙa yin haka a kai a kai saboda sabulun, daga baya sai mako-mako. Ya ɗauki kwanukansa ya fita, bai ce komai game da yaron ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Bayan fitarsa ta tafasa ruwa ta sirka a kofi yadda ta yi wa kifayen, don ta gane wa kanta. Ta zura yatsa, ta ji ɗumi mai daɗi. Sai ta ɗaga kofin ta kara a kumatunta. Ba shiri ta janye. Ta sake karawa, ta sake janyewa. Ta ajiye kofin ta juya tafukanta tana kallo. Ashe hannun nan ya daɗe da daina gaya mata gaskiya. Ta tuna 'yan matan da suka yi ta ihu a makewayi tana ce musu raki, ta tuna jariran da suke yin jawur a cinyarta tana cewa jini ne mai kyau. Ba ta taɓa nufin kowa da cuta ba, Allah Ya sani, da ƙauna ta yi duk abin da ta yi. Amma ranar ta ji kunya, ta ji tsoro, ta kuma ce a ranta gara da aka tare ta a ƙofar asibiti.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi wuya a rayuwar Hajo, domin ba a taɓa ba ta aikin da ya kai "a bar su" nauyi ba. Ruwan yana nan fari, hannunta yana ƙaiƙayi. Sai ta huce a kan gidan. Ta share tsakar gida har ƙasa ta fara ramewa, ta wanke rigunan Nazeer da ya riga ya kai wa mai wanki, ta goge tukwanen jeren Safiya da ba a taɓa ɗorawa a wuta ba. In ta gama sai ta dawo kan 'yar kujerarta, nesa kaɗan da gilashin don kada inuwarta ta firgita su, ta saka hannayenta biyu tsakanin cinyoyi ta zauna. Da murya ƙasa-ƙasa take musu magana, ita da ake jin muryarta daga lungu uku. "Duna, fito mana. Na tuba. Ba mai kama ka."

Bokitin ruwa kuwa ya samu gata. Ta ajiye shi a gindin akwatin, ta rufe da rariya saboda ƙura. Kafin ta zuba sai ta ɗebo na akwatin a kofi ɗaya, na bokitin a wani, ta kara wannan a kumatu, ta kara wancan, sai ta ji ba bambanci. Ta lura ko zubawar ma tana razana su, don haka ta daina tuttulawa. Sai ta jingina bayan hannunta da gilashin daga ciki, ta riƙa tsiyaya ruwan a kai da moɗa, yana gangarawa ba ƙara. Bokiti ɗaya yakan ci mata lokacin da a da za ta wanke masu jego biyu.

Wata safiya ta yaye zanin ta ga tsakuwar ƙasa ɗaya-ɗaya, ruwan ya fara washewa ba wanda ya taɓa shi. Duna ya leƙo daga bayan dutse, ya fito, ya zagaya. Tagwaye suka ɗaga fukafukan bayansu. Ta ɗauki abinci da yatsa biyu, biyu tak, ta saki, suka taso suka ɗauka. Hajo ta yi hamdala a fili, har ta yi 'yar guɗa a maƙogwaro don kada su ji. Ta yi murna ƙwarai, amma ba ta yaudari kanta ba. An ba ta huɗu, uku za ta mayar. Ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta ajiye bayan ƙofa, don ranar da Luba za ta zo kada a ga tana tattare-tattare.

Ran nan bayan la'asar tana cikin tsiyaya ruwa, ba ta ji sallamar Nazeer ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Tsohuwa a sunkuye, hannu ɗaya cikin ruwa, ɗaya da moɗa, Tagwaye suna kewaya yatsunta ba su ko damu ba. Ya jira har ta juye moɗar ƙarshe. Sannan ya durƙusa ya gaishe ta.

"Gwaggo, ki ɗauko mayafinki, za mu asibiti."

Ta dubi ƙullin kayanta. "Da kayan?"

"A'a, mayafi kawai."

A hanya ya yi mata bayani. An fara fito da Sadiƙ daga kwalba, amma har yanzu jikinsa ba ya riƙe ɗumi da kansa. Likita ya ce a riƙa kwantar da shi a ƙirjin mutum, fata da fata, a ɗaure da zani, a daɗe ana zaune. Safiya tana yi, sai dai ɗinkin ba ya barin ta ta jima, shi kuma ga aiki. Ana neman wanda zai riƙa karɓarta.

A ɗakin, nas ta sa ta wanke hannu, ta zaunar da ita a kujera mai jingina kusa da gadon Safiya, ta ja labule. Ta kwance mata gaban riga. Sannan ta ɗauko yaron, daga shi sai ɗan kunzugu da hular ulu, ta kwantar da shi a ƙirjinta, kansa a gefe, ta zagayo da zani ta ɗaure. Bai fi nauyin kwanon tuwo ba.

"Mama, ba jijjigawa, ba shafawa," in ji nas. "Zama kawai za ki yi."

Hajo ta gyaɗa kai a hankali. Tana jin ɗan numfashinsa a fatarta, ƙanana ƙanana, amma a jere, ba gaggawa. Ta saurara da kyau. Wannan numfashin mai zama ne, in Allah Ya yarda. Ta ɗora tafukanta biyu a bayansa ta kan zanin, ta bar su a nan.

Safiya tana kwance a gefe tana kallonsu. Ta rame, amma idonta ya dawo. Hajo ta ga ba za ta iya riƙe yaron nan da magana a ciki ba, don haka ta yi ƙasa da murya.

"Safiya, Amaryarki ta mutu. A hannuna ta mutu. Ruwan zafi na zuba musu."

"Na sani, Gwaggo. Tun ranar ya gaya min."

"Kin sani?"

"Na sani. Da suka ce a kawo wanda zai karɓe ni, ya ce Yaya Luba, na ce a'a, Gwaggo. Ya ce bari ya je gida ya dawo tukuna. Ga shi ya dawo da ke." Ta miƙo hannu ta gyara wa yaron hula. "Ni a bayan wa na girma?"

Hajo ta sunkuyar da kai. Hawaye ya gangaro mata har haɓa, ba ta share ba, don hannayenta duka biyu suna kan bayan Sadiƙ. Kukan ya taso mata da ƙarfi, irin wanda ke girgiza kafaɗa. Ta danne shi, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta hanci, saboda yaron ya yi barci kuma ba ta so ƙirjinta ya motsa.